Satin da Na Rufe Wa Ɗalibaina Baki

Ba zan taɓa mantawa da satin farko na kullen korona ba. Ko na so mantawa, 'yan unguwar Soron Ɗinki ba za su bar ni ba.

Lissafi nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Gwale. Kwatsam aka rufe makarantu, ga 'yan aji shida jarrabawar fita na gabansu. Sai na buɗe mana guruf a WhatsApp da lambobin iyayensu, na yi ta latse-latse wai ina gyara shi (ni da ko hoto sai an tura min). Na raba su biyar-biyar, na ba da aiki ta saƙon murya, na kuma kafa doka: duk wadda ta kira ni ta gefe, sifiri.

Shiru. Kwana biyu ko "to Malama" babu, alhali ina ganin sun saurara!

Rana ta uku zuciya ta ɗebe ni. Na yi saƙon murya na minti bakwai, na wanke su tas. Har suna na kama: "Ke Zainab, duk taƙamar da nake da ke, ashe malalaciya ce?" Na manta wayar babanta ce. A zaure ya kunna, gaban maƙwabta. Ya ce tunda wasa take, ta taɓa wayarsa na ƙarshe, karatun ya ƙare.

Ranar da aka sassauta kulle don cefane, sai ga mahaifiyarta, Hajiya Balaraba, har tsakar gidanmu, surukata na zaune. Bayan gaisuwa ta miƙo min wayar.

"Malama, don Allah rubuta mana amsa a nan, mu ga yadda ake yi."

Na duba sama, na duba ƙasa. Babu wurin rubutu. Ashe garin latse-latsena na kulle guruf ɗin, ni kaɗai ke iya magana!

Innalillahi! Hajiya ba ta gama ba: ta nuna min wani guruf da yaran suka buɗe, sun gama aikin kaf, Zainab ce ma ke yi musu bayani.

Surukata ta kalle ni ta ce, "Ai ko a gida haka take."

Da ƙafata na je na durƙusa na ba Alhaji, baban Zainab, haƙuri, ya mayar wa yarinya waya. Sannan na roƙi yaran su saka ni a nasu guruf ɗin. Sun saka ni, amma makullin na hannun Zainab.

Har yau in aji ya yi shiru, kafin in buɗe bakina sai na duba ko ni na rufe nasu.