Rasuwar Tau, Babur ɗin Ntate Tseliso

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da faratan da har yau baƙin mai bai fita daga cikinsu ba, Ntate (wato Baba) Tseliso Mohapi na garin Ficksburg yana sanar da 'yan'uwa mahaya rasuwar babur ɗinsa, Tau, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Asabar a filin tsere, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin dattijo ne mai kunya, bai taɓa ɗigar da mai a gaban baƙi ba. Da safe yakan yi gyaran murya, kaf-kaf-kaf, sannan ya saki gurnanin nan nasa, gurrrum, wanda karnukan unguwa suka haddace. Sau ɗaya tak ya kayar da maigidansa, shi ma laifin yashi ne a kan kwana. Sai dai faɗuwar ta karya wa Ntate Tseliso ƙugu, kuma a gadon asibiti ya rantse wa matarsa, Mme (wato Mama) Malefa, cewa daga Tau ba ƙari: ranar da babur ɗin ya mutu, shi ma ya sauka ke nan har abada. Kowa a filin ya san da wannan rantsuwa.

Ga yadda ciwon ajali ya shigo. Dokar fili ta hana shiga da koren ruwan nan mai kare lagireto daga daskarewa, don in ya zuba a kwalta ya fi miyar kuɓewa santsi. Sai ruwa zalla. Ntate Tseliso, sarkin bin doka, ya juye nasa tun yammacin Juma'a, ya ɗura ruwan famfo, ya ɗaure Tau a kan 'yar tirelar da mota ke ja, a tsakar gida, don a yi sammako. A watan Yuli fa, tsakiyar hunturun ƙasar! A Ficksburg, inda ruwan kwanon kare ke kwana ya tashi dutse! Shi da ya shekara da shekaru yana ja wa sababbin shiga kunne a kan haka, ɗoki ya mantar da shi. Ruwa ya daskare, ya tsaga inji ta ciki.

Marigayin bai yi ƙorafi ba. Ya tashi, ya zaga fili da ƙarfin hali, sannan ya fesa farin hayaƙi, ya yi tari, fut-fut, ya yi shiru.

Nan mutane suka nuna halinsu. Mahaya suka bar tserensu suka yi masa zobe, kowa da sifanarsa. Ausi (wato Yaya) Dikeledi, wadda ba mai iya kamo ta a kwana, ta durƙusa a kwalta mai sanyi.

"Matsa, Ntate, bari in duba," in ji ta.

Oom (wato Kawu) Stoffel, tsohon mai walda, ya fasa ɗanyen ƙwan karin kumallonsa a lagireto, ya bi shi da barkono, wai yana toshe tsaga.

"Haba Oom, babur za ka tayar ko waina za ka soya?" in ji Dikeledi.

"Yi mini shiru, 'yar nan. Da wannan na dawo daga Namibiya kafin a haife ki."

Aka tura, aka sake turawa, har masu tumbi suka zube suna haki. Da aka kwance ƙasan inji, mai ya fito kalar shayi mai madara, alamar ruwa ya gauraya da shi. Oom Stoffel ya cire hularsa.

Dikeledi ta rage murya. "Ntate, mu nemo wani inji mu dasa. Ina Mme za ta gane?"

"Matar da ke jin muryarsa tun daga gada ta ɗora ruwan shayi?" Ntate Tseliso ya girgiza kai. "Ko ita ba ta gane ba, ni ai na sani."

Ya zauna a bakin tirela ya yi kuka, kuka na gaske, ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri.

Tau ya rasu ya bar sababbin tayoyi biyu, da hular kwano, da rigar fata wadda ta daɗe da daina rufe ciki, da maigida ɗaya wanda bai san abin da ake yi da ranar Asabar ba.

Za a yi jana'iza Asabar mai zuwa a rumfar Oom Stoffel. Za a gasa nama, a tuƙa tuwon masara, a raba gado. Kafireto na Oom ne. Birki na Dikeledi ne, ko Allah zai sa ta koyi taka shi. Salansa kuwa za a binne a bayan rumfa, don kada a sake jin muryar a jikin wani.

Ntate Tseliso zai ci gaba da zuwa fili, an ba shi riƙon tuta a bayan shinge. Abu ɗaya yake roƙon masu ta'aziyya: kada wanda ya miƙa masa makullin babur, ko don zagaye ɗaya, ko da wasa. Ya ce ba shi da tabbacin bakinsa zai iya cewa a'a.