Yadda Za Ka Tafi Rasha Kana Zaune a Gidan Mahaifiyarka

Laifin da zan yi magana a kai shi ne na ɗan da ke son gidan iyayensa amma ba ya son wahalarsu. Irinku kun yi yawa a nan garinmu na Margilan, kuma na gaji da ganin kuna yin abin a birkice.

Kai auta ne. Ka san a al'adarmu auta ne ke zama da tsofaffi har ya binne su, gida kuma ya zama nasa. Kana son gidan, kana son rumfar inabin da ke tsakar gida, amma wanke tsohuwa da juya ta a kan gado suna tayar maka da zuciya, matarka kuma ta ce bayanta ba zai ɗauka ba. Ka ji cewa hukuma tana turo mai jinya kyauta ga tsohon da ba shi da mai duba shi. Matsalarka ɗaya ce: kana nan, da ranka da lafiyarka. To, bi abin da zan faɗa maka, na yi maka alkawari mai jinya za ta zo. Maƙwabcina Ergash, autan Inna Tursunoy, ya bi shi daki-daki, kuma ta zo.

1. Zaɓi inda ka tafi

Ka ce kana Rasha wurin aikin gini, kai da iyalinka. Kusan kowane gida a unguwa yana da wani a can, babu mai tambayar sunan gari. Kada wayo ya kwashe ka ka ce ka mutu. Mutuwa tana buƙatar zaman makoki, zaman makoki yana buƙatar shinkafa da naman rago, kai kuma mun san hannunka.

2. Toshe bakin mai unguwa

Jami'ar hukuma da za ta zo dubawa sai ta tambayi mai unguwa, saboda haka ka riga ta. Ergash ya ɗauki burodi mai zafi da alewa ya je gidan mai unguwarmu Baba Hotam, ya durƙusa, ya yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar rayuwa da ciwon bayan matarsa, kafin ya fito da abin da ya kawo shi. Baba Hotam ya dube shi, ya ce:

"Ni ba na yi wa hukuma ƙarya, yaro. Amma in kai da bakinka ka ce kana Rasha, to kana Rasha. Allah ya kiyaye hanya."

Ergash ya fito yana murmushi, ya gaya wa matarsa cewa tsohon ba shi da wuyar sha'ani. Kai ma in aka faɗa maka haka, ka yi murmushi. Mai ilimin zamani ba ya tsayawa auna maganar tsofaffi.

3. Share sawunka daga gidan

Takalman bakin ƙofa su ne masu tona asiri, ka kwashe na maza da na yara. Mota ka kai gidan aboki. Naɗe darduma mai kyau, rage abin da ke cikin firiji, ka bar rabin burodi ya bushe a kan tebur. Tura matarka da yara gidan iyayenta.

Sannan ka koya wa tsohuwa karatunta. Wannan ne wuri mai wuya, domin ƙafafun Inna Tursunoy ne suka mutu, kanta garau yake. Ta tambayi Ergash ko ita da bakinta za ta ce ba ta da kowa, alhali ta haifa kuma ta raina. Ya ce mata magana ce kawai, ba ta kashe kowa. Da jami'ar ta zo ta tambaya, tsohuwa ba ta ambaci Rasha ba.

"Ɗana ya yi nisa, 'yata," abin da ta ce ke nan. Aka amince za a turo mata mai jinya.

4. Nemi maɓoya mai iska

Mai jinya ba ta da tsayayyen lokaci, in ta gama da tsohon da ke gabanta sai ka ji ƙwanƙwasa. Wadda aka turo sunanta Holida, mace mai jiki da ƙarar murya. Da Ergash ya ji ta, sai ya ruga garken tumaki da ke bayan tanderu ya tsugunna a kan ciyawa. Daga nan yana jin zubar ruwa a baho, yana jin ana yanke wa mahaifiyarsa farce, ana taje mata kai, tana dariyar da ya daɗe bai ji ba. Kada wannan ya taɓa maka zuciya. Ka kula da tari kawai, kuma kada ka sha shayi da yawa da safe.

5. Yi haƙuri da mutanen unguwa

Za ka tarar suna da riƙon amana fiye da yadda ka roƙa. Ergash ya shiga gidan shayi ya yi sallama, aka amsa wa bango. Butar shayi ta zagaya, ta tsallake shi. Yana zaune a tsakiyarsu mai aski ya tambayi mahauci ko yaya Ergash yake fama da sanyi a can, mahauci ya ce ya ji labarin ya rame, har ya fara warin tumaki. Aka yi biki a layinmu, aka kira kowane magidanci cin shinkafar safe, shi ba a kira shi ba. Da ya yi ƙorafi, Baba Hotam ya aika masa cewa ba a gayyatar matafiyi. Ni kaina na wuce shi a ƙofar masallaci, na ɗaga hannu na roƙi Allah ya dawo mana da shi lafiya.

Kada ka yi fushi. Shaida suke ba ka.

6. In yayarka ta zo, ka koma garke

Ergash ya manta yana da yaya, Gulchehra, wadda mijinta ya rasu a garin Kokand. A wurin wani biki wata mata ta jajanta mata cewa baƙuwar hukuma ce ke wanke uwarta. Ta iso da ƙullin kayanta, ta tarar da shi a tsakar gida yana cin kankana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi yaushe jirginsa ya sauka, ta wuce ɗakin tsohuwa, ta naɗe hannun riga.

Bayan ta zauna sosai, ta kira jami'ar ta zo ta ga cewa Inna ta sami mai duba ta, a kai Holida wurin wanda ba shi da kowa da gaske. A ranar ce Inna Tursunoy ta sa aka kira Baba Hotam da mu dattawa. Aka fito da ita ƙarƙashin rumfa, jami'ar tana zaune ana zuba mata shayi, Ergash kuwa ya riga ya shige wurin da ya saba. Tsohuwa ta ce gidan nan na wanda ke juya ta a kan gado ne, kuma tana so a rubuta shi da sunan Gulchehra tun tana da rai. Baba Hotam ya miƙe, ya juya fuskarsa wajen garken, ya ɗaga murya.

"Auta ne ke da haƙƙin magana a kan wannan. In yana kusa, ya fito ya faɗi tasa, ga hukuma nan tana ji."

Muka saurara. Mun ba shi lokaci mai tsawo, har shayi ya huce. In ya fito, zai yi wa jami'ar bayanin watannin da aka yi ana yi masa aiki a kan ƙarya. Bai fito ba. Aka shafa fatiha.

7. Lissafa abin da ya rage maka

Gida ya tafi, an buga hatimi. Matar Ergash ta ce ba za ta baro gidan iyayenta ta shiga ɗakin haya ba, yara suna wurinta. A gidan shayi har yau ba a zuba masa. Ranar da ya kwashe kayansa ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya buɗe tafin hannu don ta sa masa albarka, ita kuwa ta bar nata hannayen a ƙarƙashin bargo, ta ce wa Gulchehra ta rufe taga.

Ni dai mai jinya na yi maka alkawari, kuma za ta zo. Abin da ya biyo baya babu hannuna a ciki. Kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa da kuka, kada ka aiko matarka, kada ka tare ni a hanyar masallaci.