Akwatin Alƙalin Jela

"Ai irinsa ba a yi biyu a Tamale ba," in ji Yidana mai gyaran babur, yana gyara zama a benci ranar sadakar bakwai. "Shekara talatin yana kiwon kare, hannunsa bai taɓa jikin kare ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma yabo ne. Marigayi Mista Majeed na unguwar Gurugu, wanda unguwa ta naɗa Alƙalin Jela, mutum ne mai kiyaye alwala. Karnukansa goma sha ɗaya ne, 'yan gajeru masu gemu, irin da Turawa ke ajiyewa don kamun ɓera. Wanka da tuwo da cire kaska ya bar wa matarsa Zuweira. Shi ya ɗauki aikin mai wuya: tsayawa daga nesa yana nuni da sanda.

Da sandar nan yake alƙalanci a gasar karnuka ta shekara-shekara, wadda shi ya kafa, shi ke shugabanta, kuma cikin ikon Allah shi ke cinyewa. Sai ya ɗaga jelar karen wani da bakin sanda, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Wannan jela ba ta sami tarbiyya ba." Shi ke nan, mai kare ya hau babur ya koma gida.

"Jama'a," yakan ce, "ba a haushi ake gane kare ba, a takarda ne. Kowanne cikin nawa na san kakansa na bakwai. Ku nawa ne a nan kuka san naku? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe!"

Takardun asalin nan suna cikin akwatin katako, a ɗakin da yake salla. Ɗaki ɗaya ke nan a gidan da kare bai isa ya leƙa ba.

Wata rana maƙwabciyarsu Wasilatu mai koko ta zo aron kare ɗaya, ɓeraye sun gama da buhun geronta. Alƙali ya dube ta kamar ta nemi aron hularsa.

"Hajiya, wannan Janar na Uku ne. Kakansa ya kashe ɓera ɗari a rumbun Turai domin jikoki su huta. Gemun nan ba na shiga rami ba ne. Ki nemi kyanwa."

Ta nema, ta kuwa samu.

Da ajali ya matso, ya bar wasiyya: ranar bakwai a buɗe akwatin gaban jama'a, a karanta asalin kowane kare, kada sunan Alƙali ya bi shi kabari. Wani mai kiwo ma ya taso tun daga Kumasi, ya ce zai kwashe karnukan duka in dai da takarda. In babu, Zuweira ta ci gaba da tuƙa tuwon baki goma sha ɗaya.

Bayan an shafa fatiha aka fito da akwatin. Zuweira ta jero karnukan a tsakar gida, ta taje musu gemu. Yidana ya yi bisimilla ya ɗaga murfi.

Babu kakan kowa a ciki. Takardu sun zama dusa, a tsakiya kuma ga wata ƙosasshiyar uwar ɓera da 'ya'ya shida, duka haifaffun gida, masu asali.

Uwar ta diro, ta ratsa tsakar gida ba gaggawa. Janar na Uku ya dube ta, ya ja da baya, ya shige bayan zanen Zuweira. Sauran goman suka kaɗa jela, cike da tarbiyya.

Baƙon Kumasi ya tambayi inda ake samun mota.

Zuweira ta daɗe tana kallon akwatin. Sannan ta gyara mayafi, ta juya wajen mata.

"Wasilatu, kyanwar nan taki tana gida?"

Ba ta jira amsa ba, ta saka takalmi ta nufi ƙofa.