Ranar da Kaka Ta Yi wa Kifi Wanka

"Lafiya lau, lafiya lau, bar gaisuwar nan haka, zo ka gani!"

Kaka ta ja hannun jikanta Dogo zuwa falo, inda akwatin gilashin kifin ƙanwarsa Auta yake. Auta na asibiti, yau za a sallamo ta. Da za a tafi da ita ba ta roƙi komai ba sai a kula mata da kifinta, Kaka kuwa ta bugi ƙirji. Yanzu ga kifayen sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, jan nan da yarinyar ta fi so ya kwanta ta gefe. Tsoro ya kama Kaka sosai.

"Tsohuwa, me kika ba su?"

"Ni? Tun da ka leƙa da wannan fuskar taka suka firgita."

"Fuskar da kike cewa ita kika aura?"

"Auren ƙaddara! Duba min su, mijin banza. Cuta ce?"

Dogo ya durƙusa ya ƙura musu ido. "Babu farin ɗigo a jikinsu, cikinsu bai kumbura ba. Ruwan ne." Ya sunkuya ya shinshina, sai ya ɗago a hankali. "Kaka, ƙamshin sabulu nake ji."

"To ƙazanta zan bar wa marar lafiya ta tarar? Na kwashe ruwan tas, na zuba sabo daga famfo. Wannan baƙin soson na cikin injin tace ruwan ma na wanke shi fes."

"Innalillahi! Dauɗar soson nan ita ke gyara musu ruwa. Ruwan famfo kuma da maganinsa, ƙona musu numfashi yake. Kin yi wa kifi wanka!"

"Kai da ba ka san wanka ba ai dole ka kare ƙazanta."

Bakinta ne kawai ke faɗa, idonta na kan jan kifin, tana hango fuskar Auta a bakin ƙofa.

"Akwai ruwan da ya kwana, wanda maganinsa ya fita?" in ji Dogo.

"Gangar kicin."

"Sai kwanon da sabulu bai taɓa ba."

A gidan Kaka ko murfin kwalba bai tsira daga sabulu ba. Can ta shige ɗaki da sauri, ta fito da wani babban kwanon tangaran, ko ledarsa ba a cire ba.

"Na aurenka ne nake ɓoyo. Da na ga babu mai ɗaukar ka, gara kifi su mora."

Dogo ya cika kwanon da ruwan gangar, ya kwashe kifayen zuwa ciki, ya tsoma bututun iskar akwatin. Kaka na riƙe da rigarsa ba ta ma sani ba. Jan kifin ya nutse ƙasa, zuciyarta ta bi shi.

"Dogo, ya mutu?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Duba wutsiyar."

Wutsiyar ta motsa. Kifin ya karkata, ya miƙe, ya zagaya kwanon. Kaka ta zauna daɓas a ƙasa.

"Sai na gaya wa Auta," in ji Dogo. "Tun daga sabulu har soso."

Kaka ta fashe da dariya tana share ido da bakin mayafi. "Na sallama, maigida, ka ci ni. Kwanon naka ne har da murfinsa. Ka dai rufa min asiri, ka ce mata kifin ne suka fito tarbar ta."