Takalman Yaya Hadiza a Ƙofar Coci

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da muka yi a Winchester, kuma ko na so mantawa dangin mijina ba za su bar ni ba.

Ban daɗe da zuwa Birmingham ba a lokacin. Daga sakandare a Zariya sai aure, sai wani flat a unguwar Sparkbrook. Komai tsoro yake ba ni: bas, ƙwanƙwasa ƙofa, hatta injin wanki. Amma ba abin da nake tsoro kamar yayar mijina, Yaya Hadiza, akanta ce a Salford. Ba ta taɓa yi min faɗa ba, kallo kawai take yi ta saman tabarau, sai in ji kamar yau na fito daga ƙauye.

Ita ta kawo shawarar tafiyar. Ta ce ƙaramar hukuma na ta rufe laburare, komai ya yi tsada, gara mu je inda kallo kyauta ne. Da ta ga silifas ɗina sai ta ciro takalmanta na fata masu tsawo ta miƙo min.

"Amarya, ara miki na yi. Ki kula min da su, please."

Garin kuwa, masha Allah! Ƙarami ne tsaf-tsaf. Lunguna kamar na cikin birnin Zazzau, sai dai babu kwata. Ga tsohuwar ƙofar gari ta dutse, ga gidajen da suka girmi kakan kakana amma har yau da mutane a ciki. Akwai wani rafi da ake hango kifi har ƙasansa (na tsaya neman leda ko ɗaya a ciki, ban samu ba). Na ce a raina, mutanen nan sun san darajar abin da suka gada.

Da la'asar maigidan da Yaya suka shiga layin sayen kofi. Ni kuma, don in nuna na waye, na ce zan leƙa wani tsohon coci ni kaɗai. A bakin ƙofa na ga babban kwando cike da takalma. Zuciyata ta yi sanyi. Ashe su ma suna cirewa kamar a masallaci! Na cire na Yaya, na jera su a sama a hankali, na shiga da safa (ɗaya ma da huji a babban yatsa).

Ciki ya fi waje kyau. Rana ta ratso gilasai masu launi, ja da shuɗi suka zubo a ƙasa kamar an shimfiɗa atamfa. Na lura kowa da takalminsa a ƙafa, amma maimakon in yi tunani, sai na ce rashin tarbiyya ne irin na 'yan yawon buɗe ido.

Na fito, kwando wayam. Sai baƙaƙen ledoji a ɗaure a gefe.

Innalillahi! Fuskar Yaya kawai nake gani. Na zube a ƙasa na hau kwance ledojin, ina watso takalman mutane. Sai na ji an dafa kafaɗata. Wata tsohuwar Baturiya ce mai farin gashi, cikin masu aikin sa-kai. Turancin da na ci jarrabawa da shi ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "No shoes."

Ta kalli yatsana, idonta ya ciko. Ta ce kada in ji kunya, zamani ne ya yi wuya, kayan nan dama don mabuƙata ake tarawa. Da na zaro na Yaya har yaba min ta yi, wai na iya zaɓe, yanzun nan wata mai kirki ta ajiye su. Ta shiga ta fito da jakar abincin gwangwani da ganyen shayi. Ni kuwa an koya min ba a mayar da hannun babba. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu.

A durƙushen nan suka same ni.

Maigidan, likita guda, ya daskare da kofi a hannu. Yaya ta sauke tabarau.

"Amarya, ƙanen nawa ba ya ciyar da ke ne?"

Na fashe da kuka. Da ƙyar na yi bayani, Yaya ta fassara wa tsohuwar. Matar ta rufe baki, ta riƙe hannuna ta ce tun da take aiki a nan ba ta ga wanda ya girmama wurin haka ba. Maigidan ya mayar da jakar, ya tsallaka shago ya ciko wata ya ƙara musu.

A mota na fara kwance takalman ina ba da haƙuri. Yaya ta juyo, hawayen dariya a fuskarta.

"Bar su, ƙanwata. Ni ba na karɓe kayan sadaka."

Ranar ta fara ce min ƙanwata. Takalman suna nan, dangi na kiransu "rabon coci". Ni dai na koyi darasi: in kin ga takalma a bakin ƙofa, ki fara duba ƙafafun na ciki.