Rasuwar Adireshin Imel na Malam Kailani

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, iyalan Malam Kailani Salmanu, tsohon hedimasta mazaunin Tudun Wada, Zariya, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar adireshinsa na imel. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha tara, bayan doguwar jinya.

An haifi marigayin a shagon intanet na Cosmas, mutumin Nnewi da ya shekara talatin a unguwar nan har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Cosmas ne ya raɗa masa suna, shi ya zaɓa masa lambar sirri, shi ya aiko masa wasiƙar farko daga kujerar da ke gefen ta Malam, yana ta dariya. Shi da Malam aminan juna ne, kullum da yamma suna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar shagon, suna shan shayi suna musu a kan ƙwallo. Shekara takwas ke nan da Cosmas ya koma gida. Daga baya aka zare wa Malam waya a cikin Keke Napep a Kwangila, lamba ta canza, ta Cosmas kuma ta tafi tare da wayar. Abin da ya rage tsakaninsu shi ne wannan adireshi.

Marigayin mai riƙon amana ne. Ta hannunsa takardar shigar Naja'atu, 'yar Malam, jami'a ta iso, shi ya adana hotunan jikoki tun suna cikin zanen goyo. Ba ya da surutu, muryarsa ɗaya ce, ɗan "ƙilin!" in saƙo ya shigo, kuma Malam ko yana tsakiyar cin tuwo sai ya wanke hannu.

Yana kuma da mai gadi, wato matatar da ke tsayawa a ƙofa tana tantance wasiƙu. Aikinta ta duba daga ina saƙo ya fito, ko an san mai aikowa, da irin kalmomin da ke ciki, da ko wasu mutane sun taɓa yin ƙorafi a kansa. Wanda ba ta yarda da shi ba sai ta tura shi akwatin shara, ya yi kwana talatin, sannan a share shi har abada. Babban halinta kuwa, tana koyo daga mai gida. Abin da ya ce nasa ne ta buɗe masa ƙofa, abin da ya kora ta kori duk mai kama da shi.

Ciwon ajalin marigayin ya samo asali ne daga kyawun halin mai gidansa. Wata rana Malam ya leƙa akwatin shara, ya tarar da wasiƙu jingim, kowace ta fara da "Abokina na ƙwarai, ina gaisuwa." Ransa ya ɓaci. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana zane yara kan rashin amsa gaisuwa, a ce a gidansa ake barin baƙo a bola! Ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya shaida wa matatar ba shara ba ne, ya kuma ba kowa amsa: ya gode, ba ya bukata, a gaida mutanen gida.

Naja'atu, babbar 'yarsa, ta yi magana har bakinta ya gaji. "Baba, ba mutane ba ne fa, inji ne. Kana amsawa sun san akwai mai rai a gidan, sai su miƙa adireshinka ga wasu."

"Ko inji ne," in ji Malam, "ai ya yi gaisuwa."

To, sai baƙi suka ji labarin gidan mutunci. Mai maganin sanƙo ya zo, matar wani attajiri da ta rasa magaji ta zo, masu yi masa murnar cin gasar da bai taɓa shiga ba suka zo da danginsu. Matatar kuwa ta riga ta ɗauki karatu, ta bar ƙofa a wangale. "Ƙilin" ɗin nan mai daɗi ya koma kamar famfo mai yoyo, sau sittin a yini.

Bayan Babbar Sallah Malam ya nemi hoton sabuwar jikarsa a cikin tarkacen, ya yi awa guda bai gan shi ba, haƙurinsa ya ƙare. Ya zauna daga azahar zuwa la'asar yana kora. Duk wasiƙar da ta ce masa "abokina na ƙwarai," duk mai manyan baƙaƙe, duk mai ambaton gaggawa ko asibiti, ya danna mata shara. Matatar ta sake ɗaukar karatu, ba ta yi gardama ba. Gida ya yi tsit, Malam har ya yi alfahari a majalisa cewa ya yi maganinsu.

Wata biyu bayan haka, ranar Litinin ɗin da ta wuce, baƙuwar lamba ta kira shi. Sai da mai kiran ta bi ta kan tsofaffin maƙwabta uku kafin ta same shi.

"Baba Kailani, Adaeze ce, 'yar Cosmas. Babana ya rasu. Sau uku ya rubuto maka, kullum sai ya ce in duba ko ka amsa."

Naja'atu ce ta buɗe wa Malam akwatin sharar. Biyu na farko sun riga sun wuce kwana talatin, an share su. Ta ukun tana nan tsakanin mai maganin sanƙo da mai gasa, saura kwana ɗaya ta bi su. Daga adireshin Adaeze aka aiko ta, wanda matatar ba ta sani ba. Da manyan baƙaƙe aka rubuta ta, domin idon Cosmas ya yi rauni. Ta fara da "Abokina na ƙwarai," yadda ya saba fara kowace wasiƙa tun ta farko. Ya ce yana asibiti, abin na gaggawa ne, ga lamba. Ba ya neman komai, muryar Malam kawai yake son ji, ya kuma gaya masa ko darbejiyar tana nan.

Ba a ga laifin matatar ba, abin da aka koya mata ta yi. Malam ya faɗi haka da bakinsa, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Ya amsa gaisuwar inji ɗari-ɗari, gaisuwa ɗaya da ta wajaba a kansa ita ce ya sa aka tsare a bola. Ya yi kuka irin wanda 'ya'yansa ba su taɓa gani ba. Washegari ya kwafe wasiƙar a takarda da bironsa, ya ninke ta a aljihun gaba, sannan ya rufe adireshin da hannunsa, ya ce kunnensa ba zai ƙara ɗaukar "ƙilin" ba.

Marigayin ya bar mai gida ɗaya, da hotuna ɗari huɗu da Naja'atu ta kwashe, da wasiƙun shara kusan dubu biyu waɗanda babu wanda ya zo ya ce nasa ne.

Ba za a yi masa wanka ko salla ba, tunda ba mutum ba ne. Za a yi zaman gaisuwa a zauren Malam ranar Alhamis bayan la'asar. Mai son yin ta'aziyya ya tako da ƙafarsa, kada ya aiko da saƙo, ba inda zai sauka. Iyali suna roƙon kowa, kafin ya baro gida, ya buɗe nasa akwatin sharar ya duba ko akwai wani nasa da ke zaune a ciki yana jira.

Ranar Asabar kada kowa ya zo, ba za a sami Malam ba. Zai shiga motar Kudu da sassafe don halartar jana'izar Cosmas a Nnewi. Yana ɗauke da amsar wasiƙar, layi biyu da rubutun hannu, da ganyen darbejiya guda a cikin ambulan.