Alhaji Kati da Sunan Inna

Duk faɗin Sakkwato, daga Gawon Nama har Gidan Igwai, babu wanda Allah ya ba sanin tsaron dukiya kamar Alhaji Abdulshakur Jelani. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai ta kama. Dillalin gero ne. Tun ranar da banki ya ba shi wani kati mai ruwan zinari ya daina taɓa kuɗin takarda, wai ƙazantar 'yan ƙauye ce. Mutane suka laƙaba masa Alhaji Kati, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Tsaron nasa abin koyi ne. Katin yana cikin jakar fata, jakar tana aljihun 'yar ciki, ga babbar riga a sama, ga tofi safe da yamma. Sai dai babban mutum ba ya fita daga mota don latsa na'ura. In ya je gidan mai ko wurin mai balangu, sai ya sauke gilashi, ya miƙa katin da yatsu biyu, ya faɗi lambar sirrin da muryar ladan don kada a sa shi maimaici. Wanda bai ji ba ma bai yi asara ba. Lambar ita ce shekarar da ya sauke farali, tana nan da koren fenti a saman ƙofar gidansa. Ba a taɓa tambayarsa ko katin nasa ne ba. In wani ya yi gigin kallonsa sau biyu, amsar ɗaya ce: "Ka san ko ni wa na?"

Yana da maroƙinsa, Maigandi, mai bin sa biki da suna riƙe da lasifika. "Ɗan Hindu ɗiyar malamai! Haifaffen Wamakko!" Sai ya zayyano ranar haihuwa da wata da shekara, yadda duniya za ta san lokacin da aka yi mata gata. Wurin sunan mahaifiyar ne Alhaji ke lumshe ido. Ya sa a ɗauka a waya, a watsa, har waɗanda ba a gayyata ba su amfana.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: kujerar ma'ajin ƙungiyar 'yan hatsi ta unguwarsu. Yana son ta kamar ransa. Ya ɗinka rigar rantsuwa, ya hana iyalinsa kiransa da komai sai Ma'aji. Abokin takararsa Junaidu ko kallo bai ishe shi ba.

Ranar zaɓe ya miƙe ya gyara rawani.

"Jama'a, kuɗinku na buƙatar wanda ya san zamani. Ɓarawo bai cin mai ilimi. Ni tun da nike, ko allura ba a taɓa ɗauke min ba. Abincin taron ga ma ni za ni biya, ku ga yadda aka yi."

Mai abincin ta kawo na'ura. Ya faɗi lambar, rabin zauren suka taya shi. Na'ura ta ƙi. Aka sake, ta ƙi. Alhaji ya yi murmushin tausayin na'urar, ya kira banki, ya kara wayar a bakin lasifikar Maigandi don jahilai su ƙaru.

Wata ma'aikaciya ta ɗauka.

"Kin san ko ni wa na?"

"Shi za mu tantance, ranka ya daɗe. Mene ne sunan mahaifiyarka?"

"Inna."

"Sunanta na yanka nake nufi."

Nan fa gumi ya keto. Ga dattawan da suka san marigayiyar zaune a gaba, sun zuba masa ido. Shi tun da aka haife shi bai taɓa kama sunan nan da bakinsa ba, ai shi ya sa yake ciyar da mai faɗa masa.

"Ke ɗiyar ga, ba a koya miki kunya ba? In kama sunan Inna gatsau gaban mutane?"

Maigandi ya ji an taɓo fagensa, ya kasa daurewa. "Ɗan Hindu!"

"Na ji wani yana ba ka amsa," in ji ta. Muryarta ta sauya. "Kuma Alhaji Abdulshakur ya riga ya kira mu da safe. Ya faɗi sunan mahaifiyarsa ko gargada babu, da garinsu, da ranar haihuwarsa. Ya ce wayarsa ta ɓace, muka sauya masa lambar waya. Ya yi sayayyarsa ta waya da lambobin katin har abin da ke ciki ya ƙare. Mutumin kirki, har addu'a ya yi mana."

Tsoro na gaske ya kama Alhaji. Ya buɗe baki, tambayar tasa ta kullum ce ta fito, amma a sanyaye.

"To ni wa na?"

"Wallahi ban sani ba, malam. Ka zo ofis da wanda ya san ka."

Aka ɗaga hannuwa, Junaidu ya lashe. Wani dattijo ne kaɗai ya ƙi ɗagawa. Da aka tambaye shi dalili, ya ce shi har yanzu Alhaji Abdulshakur yake so a ba ma'aji, amma wancan na safe.